Zan iya ɗaura wa gadon 'ya'yana sharaɗi don su riƙe tarbiyyar da na ba su?

Tambaya: Na haura shekara sittin da biyar, kuma Allah ya rufa mini asiri. Ina da gidaje da kasuwanci, da 'ya'ya maza da mata, da jikoki biyu da mahaifinsu ya riga ni rasuwa. Abin da ke hana ni barci shi ne kada dukiya ta isa hannunsu, halin da na tara ta da shi ya bi ni kabari. Akwai ɗaya a cikinsu da kuɗi ba ya kwana a hannunsa. Ina so in rubuta a wasiyya cewa duk wanda ya yanke zumunci ko ya ƙi kammala karatu ba shi da kaso, kuma kada a sayar da gidan da muke ciki. Hakan zai yiwu? In ba zai yiwu ba, ta wace hanya mutum yake barin halinsa tare da dukiyarsa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, don mu wuce wurin da wuri: sharaɗin nan ba zai ɗauru ba. A shari'ar Musulunci, da zarar rai ya yi halinsa, dukiya ta bar hannun mai ita. Za a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta haura sulusi ba, wato kashi ɗaya cikin uku, abin da ya saura kuma ya zama mallakin magada, kowa da kason da aka yanka masa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Tunda ba kai ka ba su kason ba, ba ka da ikon cewa sai sun yi kaza za su karɓa. Abubuwan da ke hana mutum cin gado sanannu ne, kamar ya kashe wanda zai gada, ko addininsu ya bambanta. Taurin kai ba ya ciki, almubazzaranci ba ya ciki, ƙin karatu ma haka. In ka rubuta, alƙali zai karanta, ya ajiye takardar gefe, ya raba yadda shari'a ta ce. Abin da zai saura shi ne yaron ya ji a gaban 'yan'uwansa cewa mahaifinsa ya yi yunƙurin cire shi, a ranar da ba shi da sauran damar zuwa ya durƙusa ya ba ka haƙuri.

Maganar gida ma haka take. "Kada a sayar, kada a raba" fata ne, ba ya ɗaure kowa. Magaji ɗaya ya isa ya nemi a fitar masa da kasonsa, kuma kotu za ta saurare shi. Inda 'ya'ya suka ji nauyin maganar uba suka bar gidan a haɗe, rigimar jinkiri kawai ta yi. Yau masu haƙƙi bakwai ne da suka tashi tare, nan da shekara talatin sun zama arba'in, wasu ba su taɓa ganin juna ba, kowa yana jan nasa. Shari'o'in gado irin waɗannan sukan daɗe a gaban alƙalai, gado kan gado, an rasa wanda zai warware.

Akwai ƙasashen da doka ta ba mutum damar yin abin da kake so, kuma yana da kyau mu leƙa mu ga abin da hakan ke haifarwa. A yawancin jihohin Amurka uba yana iya hana ɗansa baligi ko sisi, yana kuma iya zuba dukiyar a asusun amana ya rubuta sharuɗɗan da za a cika kafin a taɓa ta. Wani ya ce sai yaro ya kawo takardar digiri. Wani ya ce duk dalar da yaro ya samu da guminsa, asusun ya ƙara masa wata. A kunne abin yana da daɗi, amma duba yadda yake faɗawa a aikace: ɗan da ya zaɓi koyarwa da ƙaramin albashi ya samu kaɗan, wanda ya shiga harkar da ke kawo kuɗi ko ta halin ƙaƙa ya kwashi mai yawa, 'yar da ta ajiye aiki ta zauna jinyar mahaifiyarta ba ta samu komai ba. Uban ya nufi koyar da himma, sai ya koyar da cewa darajar mutum ita ce albashinsa. Mamaci ba ya ganin abin da ya faru bayansa, balle ya ce a'a, ba haka nake nufi ba. Wani attajirin katako a jihar Mishigan, Wellington Burt, da ya rasu a 1919, ya rubuta cewa kada a raba mafi yawan dukiyarsa sai shekara 21 bayan rasuwar jikansa na ƙarshe. Sai a 2011 aka raba, kusan dala miliyan 100, tsakanin mutum 12 na zuriyarsa da kusan dukkansu bayan rasuwarsa aka haife su. Ya yi nasarar hana 'ya'yansa, amma ban ga darasin da ya isa ga kowa ba. Faransa kuwa ta fi kusa da namu tsarin: doka ta keɓe wa 'ya'ya rabin dukiya in ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku in biyu ne, uku cikin huɗu in sun kai uku ko fiye, uba ba shi da ikon taɓa wannan.

To, ta ina hali yake bi ya wuce? Wuri na farko, kuma wanda mutane suka fi rainawa, shi ne littafin lissafinka. 'Ya'ya sukan manta nasihar da aka karanta musu ranar rabo, amma ba sa manta yanayin da suka tarar da al'amuran mahaifinsu.

Buhari ya kawo labarin Zubairu ɗan Awwam, Allah ya yarda da shi. Ranar yaƙin Jamal, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya ce masa yana jin yau za a kashe shi, kuma babban abin da ya dame shi bashinsa ne. Yadda bashin ya taru shi ne abin lura. In mutum ya kawo masa ajiya, sai ya ce a'a, a mayar da ita rance, yana tsoron kada ta salwanta. Ajiya in ta ɓata ba da sakaci ba, ba a biyan ta. Rance kuwa dole a biya. Wato da gangan yake ɗora wa kansa nauyin da ya fi. Bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje. Da Abdullahi ya lissafa, bashin ya kai 2,200,000. Ya sayar da filin Gaba da ke wajen Madina, ya biya kowa. Sai 'yan'uwansa suka ce to a raba mana gadonmu. Ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo a biya shi. Haka kuwa ya yi, shekara huɗu cur, sannan ya raba. Babu inda aka ce Zubairu ya rubuta wa ɗansa babi a kan riƙon amana. Yaron ya ga yadda ubansa ke karɓar ajiya, kuma ya ji abin da ya dame shi a ranarsa ta ƙarshe.

Saboda haka kafin ka nemi lauya, nemi littafi. Rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da ajiyar da ke hannunka, da kason abokin kasuwanci, da filin da ke da sunanka amma na ƙanwarka ne, da kuɗin matarka da ka juya a kasuwancinka, da sadakin da ba ka cika ba, da zakkar da ka jinkirta. Rubuta inda takardun filaye suke, da asusun banki ɗaya bayan ɗaya, da yadda za a buɗe wayarka, don yanzu rabin lissafin mutane a waya yake. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Abdullahi ɗan Umar kuma ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Na taɓa zama a wani rabo inda babban ɗa ya buɗe akwatin mahaifinsa ya tarar da ambulan, a bayanta an rubuta da biro: "Wannan na wane ne, ya ba ni ajiya, ba shi da takarda, a kai masa." Mai kuɗin ma ya ɗauka sun tafi ke nan. Ɗakin ya yi tsit, kuma daga nan har aka gama rabon babu wanda ya ɗaga murya a kan ƙaramin abu.

Wuri na biyu shi ne abin da ka bayar da hannunka kana da lafiya. Nan kana da faɗin hannu sosai, don dukiyarka ce. Amma da iyaka guda biyu. Ta farko adalci: lokacin da Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta, matarsa Amra ta ce sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida. Annabi ya tambaye shi ko ya ba sauran 'ya'yansa irin wannan. Ya ce a'a. Sai ya ce masa su ji tsoron Allah su yi adalci tsakanin 'ya'yansu, ya kuma ƙi shaida. Bashir ya koma ya karɓe kyautar. Ta biyu ita ce hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa a zahiri. A mazhabar Malikiyya, in ka ce "na ba wance gida" amma ka ci gaba da karɓar hayarsa, takardu suna sunanka, har cutar ajali ta kama ka, kyautar ta ɓaci, gidan ya koma cikin gado. Wannan kuskure ɗaya ya raba gidaje da yawa, don wadda aka yi wa alkawari tana ganin an zalunce ta, sauran kuma suna ganin ta ƙirƙiro magana. Abin da mutum ya bayar yana cikin cutar ajali kuma hukuncin wasiyya ne da shi, ba ya wuce sulusi.

A nan ne maganin ɗan naka da kuɗi ba ya kwana a hannunsa yake, in akwai. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba marayu, sai an ga hankalin riƙe dukiya tare da su sannan a miƙa musu. Malamai sun bayyana jarrabawar da cewa a ba yaro ɗan abin da zai juya, a zuba ido. Kai da kake raye ka fi kowa ikon yin wannan. Ba shi jari ƙarami a matsayin rance rubutacce, da ranar da zai kawo lissafi. In ya ɓatar, ka yi asarar kaɗan kana nan, kuma kana iya zaunar da shi ku duba inda kuɗin suka bi. In abin ya wuce sakaci, misali shaye-shaye ne ko caca, aya ta 5 ta hana a miƙa wa wawaye dukiya, kuma shari'a ta ba alƙali ikon hana irin wannan mutum taɓa dukiyarsa, a naɗa mai kula da ita yana ciyar da shi daga ciki. Kason nasa ne har gobe, hannunsa kawai aka ɗaure. Wannan hukuncin alƙali ne bisa hujja, ba layi ɗaya a wasiyya ba. Kasuwancin kuma, in kana so ya rayu bayanka, mayar da shi kamfani mai hannun jari tun yanzu, a rubuta wanda zai tafiyar da shi da albashinsa. Magada za su gaji hannun jari gwargwadon kasonsu, su ci riba, ba sai an sayar da injina an raba kuɗin ba.

Sai sulusi, inda a ganina amsar tambayarka ta fi ƙarfi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin ban kwana, a lokacin 'ya ɗaya gare shi. Ya nemi ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi ya ce a'a. Ya ce rabi, ya ce a'a. Ya ce sulusi, ya ce sulusi, sulusin ma da yawa. Ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su matalauta suna roƙon mutane. Sulusin nan ba a ba magaji shi, sai in sauran magada sun yarda, kuma yardar da ta fi aminci ita ce wadda suka bayar bayan rasuwa. Amma ga wanda ba magaji ba, kai ke da zaɓi, har da sharaɗi. Duk inda ka kai shi, 'ya'yanka za su gane abin da ka ɗauka da muhimmanci, fiye da yadda za su gane daga shafi goma na nasiha.

Fara da jikokin nan biyu. Tunda kana da 'ya'ya maza raye, sun katange su, ba za su ci gadonka ba. Wasu ƙasashe sun ga nauyin wannan har suka shigar da shi doka: Masar a 1946 ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki abin da mahaifinsu zai samu, matuƙar bai wuce sulusi ba. Inda babu wannan doka, in ba ka rubuta ba, sai abin da baffanninsu suka ga dama. Kana son 'ya'yanka su riƙe zumunci. To ga zumuncin a gabanka. Zubairun da muka ambata ma ya yi wasiyya da sulusi, ya ware sulusin sulusin ga 'ya'yan Abdullahi. Nan kana iya sa sharaɗin karatu da hujja: a riƙa biyan kuɗin makarantarsu daga ciki, abin da ya saura a miƙa musu in sun kai shekara kaza.

Ragowar kuma ka yi tunanin waƙafi, wato a tsare kadara a riƙa sadaka da amfaninta. Umar ɗan Haɗɗabi ya samu fili a Haibara, ya ce bai taɓa mallakar abin da ya fi shi daraja ba, ya nemi shawara. Annabi ya ce masa in ya so ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin. Umar ya rubuta cewa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado; amfanin na matalauta ne da dangi da 'yanta bayi da hanyar Allah da matafiyi da baƙo, mai kula da shi kuma ba laifi ya ci gwargwadon abin da aka sani. Abin da ya fi jan hankalina a takardar shi ne wanda ya ɗora a kai bayansa: 'yarsa Hafsa. Ka ga bai ba ta filin ba, aiki ya ba ta. Haka nake ba ka shawara. In ka ware gida ɗaya hayarsa ta riƙa biyan kuɗin makarantar marayun dangi, sa 'ya'yanka su zama masu kula, mata da maza, su zauna sau ɗaya a shekara su duba lissafi su zaɓi waɗanda za a biya wa. Ba ka hana kowa kasonsa ba, amma ka ba su dalilin haɗuwa da aikin da zai sa su san wa ke cikin wahala a dangi. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafa tana son dalilin tafiya. Gidan da kuke ciki ma, in lallai kana so ya tsaya, waƙafi ne hanyarsa, kana da lafiya, da hauzi da shaidu. Sai dai ka kiyayi yin sa ga 'ya'ya maza ban da mata. Malaman Malikiyya sun yi tsanani a kai, wasu sun ce makaruhi ne, wasu sun ce ɓatacce. Ka kuma tambayi dokar ƙasar da gidan yake, don Masar, alal misali, ta soke waƙafin iyali tun 1952.

Hattara ɗaya game da sharuɗɗan waƙafi: rubuta manufa a sarari, amma kada ka ƙulle hanya. A 1789 Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya ƙara wani sashe a wasiyyarsa, ya bar fam 1,000 ga birnin Boston, fam 1,000 ga Filadelfiya, a riƙa ranta wa matasa masu sana'ar hannu, masu aure, 'yan ƙasa da shekara 25, waɗanda suka gama koyon sana'a a hannun maigida. Ya faɗi dalilinsa a ciki: shi ma mai buga littattafai ne, kuma rancen abokai biyu ne ya tsayar da shi da ƙafafunsa. Akwai ruwa a rancen nasa, wannan ɓangaren ba namu ba ne. Amma dubi yadda ya ɗauko abin da ya faru da shi ya mayar da shi tsari. Ya rasu a 1790, asusun ya ci gaba har 1990. Matsalar da ya samu ita ce zamani ya sauya, irin wancan koyon sana'a ya ja baya, masu cika sharuɗɗan suka yi ƙaranci, sai da aka sassauta. Don haka in ka ce "a biya wa marayu karatu", ƙara da cewa in wata rana wannan ya gagara, masu kula su juya shi ga abin da ya fi kusa da nufinka.

Duk wannan yana rataye ne a wuyan wasiyyi, mutumin da zai zartar. Alfred Nobel, wanda kyautar Nobel ke ɗauke da sunansa, ya rubuta wasiyyarsa da kansa a Faris a Nuwamba 1895, ba tare da lauya ba, ya bar mafi yawan dukiyarsa ga wani asusu da ba a ma kafa ba, ya ɗora aikin zaɓen masu cin kyauta a kan cibiyoyin da bai shawarta ba. Da ya rasu a Disamba 1896 wasu danginsa suka tayar da ƙura. Abin da ya ceci wasiyyar shi ne ɗaya daga cikin waɗanda ya naɗa, mataimakinsa Ragnar Sohlman, saurayi ɗan shekara 26, wanda ya tsaya kai da fata har aka sasanta, aka fara ba da kyautar a 1901. Kada ka zaɓi wasiyyi don shi ne babba a gida ko don kada ya ji haushi. Zaɓi mai amana, mai iya lissafi, wanda zai iya kallon ɗan'uwansa ya ce masa a'a, kuma wanda bisa al'ada zai daɗe bayanka. Tambaye shi tukuna, ka kuma naɗa na biyu.

Yanzu nasihar kanta. Rubuta ta, amma a takarda dabam, kada ka cusa ta cikin wasiyyar dukiya. Dalili biyu ne. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, wasiyya in kotu ta tabbatar da ita takan zama takardar da kowa zai iya nema ya karanta, sirrin gida ya fita. Sannan kalmar fata in ta shiga takardar shari'a, lauyan wani zai ce sharaɗi ce, na wani ya ce ba sharaɗi ba ce, a ɓata shekara a kai. Wannan takarda ta biyu tsohuwar aba ce. Wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa babu ko dirhami a cikinta, kuma Yahudawa ma sun daɗe suna barin irinta ga 'ya'yansu.

Inda mutane ke yin rauni shi ne su cika ta da abin da kowane uba zai iya faɗa. "Ku ji tsoron Allah, ku riƙe zumunci, ku guji haram." Gaskiya ne, ka rubuta, amma sun ji shi a kowace huɗuba. Abin da ba za su ji a wurin kowa ba sai kai shi ne irin wannan: "Shekarar da kasuwancina ya karye, ƙanin mahaifina ne ya biya kuɗin makarantar yayarku har ta gama, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma ya hana ni faɗa. Ya rasu ban rama masa ba. 'Ya'yansa suna da haƙƙi a kanku." Ko: "An taɓa kawo mini cinikin da ribarsa za ta sayi gida biyu, na ƙi saboda kaza. Mahaifiyarku ta goyi bayana duk da muna cikin matsi. Ban yi nadama ba." Wannan shi ne ke zama a zuciya. Faɗi dalilin kowane abu da ka tsara: me ya sa jikokin, me ya sa wancan gidan, me ya sa wance ce wasiyyiya ba wane ba. In akwai wanda ka ƙuntata wa, nemi yafiyarsa da sunansa. Kada ka kwatanta ɗa da ɗa, kada ka rama faɗan da ba ku gama ba, don zargin da ya fito daga bakin mamaci ba shi da amsa, mutum zai ɗauke shi har nasa kabarin. In rubutu yana maka nauyi, ɗauki muryarka a waya, a adana a wuri fiye da ɗaya. Jikokin da ba su san ka ba za su fi jin ta.

Kuma kada ka bari sai bayan ranka su ji. Annabi Yaƙub, kamar yadda aya ta 133 a Suratul Baƙara ta kawo, tambayar 'ya'yansa ya yi: me za ku bauta wa a bayana? Suka amsa masa yana ji. Attajirin nan na Amurka, Warren Buffett, ya ba iyaye irin wannan shawara a Nuwamba 2024: in 'ya'ya sun girma, a ba su wasiyya su karanta kafin a sa hannu, a amsa tambayoyinsu, in sun kawo gyara mai ma'ana a karɓa. Na san akwai nauyi, wani zai ce Baba kana kira wa kanka mutuwa, wata za ta fashe da kuka. Bar su su yi, sannan ka ci gaba. Ƙorafin da zai fito a gabanka kana iya kashe shi da kalma biyu, in kuwa sai bayanka ya fito, a kan 'yan'uwa zai sauka.

Abin da ya rage ƙa'ida ce. Sa shaidu biyu adilai waɗanda ba su da kaso a cikin abin da aka yi wasiyya da shi. A Ingila, bisa dokar 1837, shaidar da aka bar wa wani abu ya yi asararsa, kuma dole shaidun biyu su kasance tare lokacin sa hannu. In kana da kadara a wata ƙasa, nemi lauyan can, don fili da gida yawanci dokar inda suke ake bi, kuma a ƙasar da ba a aiki da shari'ar Musulunci kai tsaye, in ba ka rubuta cewa a raba bisa ita ba, dokar ƙasar za a bi. Wasiyya tana karɓar gyara muddin kana raye da hankalinka, don haka duba ta duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa ko aure, ko ka sayar da wani abu da ka ambata a ciki. A Ingila ma sabon aure yana rushe tsohuwar wasiyya, sai in an rubuta ta da nufin wannan auren. In ka sake sabuwa, sa mata kwanan wata, rubuta cewa ta shafe ta baya, ka yaga tsohuwar. Kwafi ɗaya a wurin lauya ko kotu, ɗaya a wurin wasiyyi, kuma aƙalla mutum biyu a gida su san inda ta asalin take.